An Riga An Yanka Akuya

Taɓaryar ba ta ƙara nauyi ba, turmin ma shi ne na kullum, amma da Zuhura ta ɗaga ta sauke, ta sake ɗagawa ta sauke, sai ta ji kamar an zarga mata igiyar guga a ƙirji ana ja. Ta jingina taɓaryar a kafaɗa, ta buɗe baki tana haki. Ga iska nan ko'ina, tana kaɗa zanan gidan, tana kwasar ƙaiƙayi daga bakin turmi, amma ta ƙi wuce mata maƙogwaro.

"Ke kuma mi ya tsai da ke?" in ji Inna Hajaratu, uwar mijinta, daga ƙofar ɗaki inda take tsinkar yakuwa.

"Inna... numfashina ne..."

"A'a, kada ki soma. An yanka maki akuya, gari duk ya ci, liman ya shafa fatiha. Kin warke, ɗiyata. Ce alhamdu lillahi ki ci gaba da sussukarki."

Zuhura ta ce alhamdu lillahi, sai da ta raba ta biyu kafin ta fita, sannan ta ɗauki taɓarya.

A faɗi gaskiya, Inna Hajaratu ba muguwar uwar miji ba ce, kuma abin da ya fi ba da haushi ke nan. Da muguwa ce, da mutum ya san inda zai kai ƙara. Lokacin da murar nan mai zazzaɓi ta ratsa ƙauyukan Barmou da bazara, wadda wasu suka ce korona ce ta dawo, wasu suka ce ba ruwanta da korona, Zuhura ta fi kowa jin jiki a gidan Malam Alƙasum, uban mijinta. Mijinta Muktari yana can Abidjan yana gashin nama, kamar rabin mazan ƙasar Adar, don haka Inna ce ta yi jinya. Ita ke dama kunu, ita ke goge mata jiki, ita ke goyon 'yar jikarta Lalla, ɗiyar Zuhura. Ran da ta ga idon Zuhura ya juye, sai ta fito tsakar gida ta ɗaga hannu sama, ta yi wa Allah alwashi da ƙarfi har maƙwabta suna ji: in yarinyar nan ta tashi, jar akuyarta sadaka ce.

Akuyar nan kuwa ba a magana. Tagwaye take haihuwa, da nononta ake dama furar gidan, Inna tana ba ta dusa da hannu tana yi mata hira kamar mutum. Da zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, Zuhura ta tashi zaune ta sha fura da hannunta, Inna ba ta tsaya wata-wata ba. Aka yanka akuya, aka dafa, aka raba gida-gida, tsohuwar tana kuka tana dariya. Daga ranar aka rufe maganar ciwo a gidan. Duk wanda ya ci naman nan ya zama shaida cewa Zuhura ta warke, ba kuwa wanda ya tsaya ya saurari yadda take jan numfashi.

Rijiyar garin tana ƙasa cikin kwari, gidaje suna bisa dutse. Sauka ba wuya, hawa ne magana. Da can Zuhura kan haye tudun nan da bidon ruwa, wato jarka, a ka, Lalla a baya, tana hira tana dariya. Yanzu da ta ƙulle majanyi a ƙirji sai ido ya fara yi mata duhu-duhu, dole ta koma saɓa yarinyar a kwankwaso. Ta san duk wani dutsen da ake iya zama a kai tsakanin rijiya da gida, domin babu wanda ba ta zauna a kansa ba.

Habi, facalarta, matar Zubairu ƙanen Muktari, takan tsaya jiranta da farko. To amma Habi ciki ne da ita, ga nata bidon a ka.

"Yaya, tashi don Allah, rana na yi. Ni mai ciki ma ban zauna ba."

"Tahi... ina nan... tahe."

Matan da ke hawowa suka tarar da ita a kan dutse. "Zuhura, ya ƙarhin jiki?"

Me za ta ce? Mai tambayar nan gidanta aka kai haƙarƙari, waccan ta bayanta ita ta gyara kayan ciki.

"Da sauƙi," in ji ta.

"Ai mun gani. Ke dai daɗin jinya ne bai sake ki ba. Ko wata akuyar kika hango?"

Suka kwashe da dariya suka haye. Zuhura ta yi yaƙe kawai, don dariya ma iska take ci.

Ran Juma'a bayan la'asar Muktari kan kira a salular Zubairu, don Zuhura ba ta da tata. Zubairu sai ya buɗe murya ya ajiye wayar bisa tabarma a tsakar gida, kowa ya kewaye ta, da Inna, da Habi, har da kaji. A nan ne wai mace za ta gaya wa mijinta abin da ke damunta! Duk da haka wata Juma'a ta ƙudura a ranta sai ta faɗa. Tun safe take shirya maganar, ta rage ta, ta sake ragewa, don ta samu ta fita cikin numfashi ɗaya.

"Uwar Lalla, ya ƙarhin jiki?" in ji Muktari, ƙarar motoci na tashi a bayansa. "Zubairu ya turo min hoton sadaka, wallahi har na nuna ma abokaina. Na ce masu iyalina ta samu lahiya."

"Baban Lalla... ni hwa... har yanzu..."

Iska ta ƙare. Ta tsaya jawo wata.

"Alo? Alo? Kai, rezon wayar ƙauyen nan! Muryarki yankewa takai. Ba komi, tunda kina lahiya. Zubairu, miƙa ma Inna."

Inna ta matso ta sunkuya kan wayar. "Kowa lahiya lau. Ka yi ta neman halalinka, kada ka sa komi a rai."

Zuhura ta tashi ta zagaya bayan rumbu ta dafa shi. Takaici ya cika ta, amma ko kukan ba ta samu yi yadda take so ba, da ta fara sai tari ya karɓe.

Saura Malam Alƙasum, mai gidan, wanda in ya ce a tafi likita an tafi. To amma matar ɗa ba ta buɗe baki gaban uban mijinta. In ta hango shi tafe sai ta ja mayafi ta durƙusa ta kau da kai, haka aka tarar, haka ake yi. Don haka ta gaya wa Habi, Habi ta gaya wa Zubairu, Zubairu ya kai wa tsohon a zaure. Abin da ya fita daga bakin Zuhura shi ne numfashinta yana ɗaukewa, tana tsoron mutuwa. Abin da ya isa zaure shi ne wai tana ɗan jin kasala.

Zubairu ne ya kawo amsa da kansa, yana wasan nan na ƙanen miji. Ya same ta a bakin murhu tana hura wutar kara, hayaƙi ya turnuƙe ta.

"Matata ta kaina, Baba ya ce a gaishe ki. Ya ce in munka ɗauke ki zuwa likita, mi za mu ce ma mutanen da sunka ci nama? Mu ce Inna ta yi gaggawa? Ko mu ce ba a karɓa ba? Ya ce ƙarhi a hankali shika dawowa, a bari kaka ta wuce a gani." Ya sunkuyo yana murmushi. "Ni ko na san ciwonki. Kewar Yaya ce. Ran da ya sauko daga mota, da gudu za ki hau tudun nan."

"Zubairu... ba wasa... nikai ba."

"Na sani mana, na sani," in ji shi. Ya leƙa tukunya, ya fice yana fito.

Haka aka shiga damina aka yi nisa. Gero na tsawo a gona, numfashin Zuhura na gajarta. Kwanciya a miƙe ta gagare ta, sai dai ta jingina da bango ta yi gyangyaɗi. Sallah a tsaye ta zama aiki, in ta yi sujada sai ta ji kamar ba za ta ɗago ba. Lalla da ta fara tafiya takan ruga bakin ƙofa tana ƙyalƙyala dariya don uwar ta biyo ta, uwar sai dai ta bi ta da ido. Ta aika gidansu a Kalfu ta bakin wata mai tallan tabarmi, ko za a zo a ɗauke ta ta ɗan huta. Ashe Kalfu ma an kai musu cinya guda ran sadaka. Amsar mahaifinta ba ta da tsawo: gidan da aka yanka mata akuya, me kuma take nema? Ta zauna ɗakinta, kada ta ja masa abin kunya.

Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ran kasuwar Barmou ta ce za ta kai busasshiyar kuɓewa. Ta hau amalanken jakin maƙwabta, ta bar kuɓewar a hannun wata mai sayar da daddawa, ta lallaɓa gidan likita tana tafiya tana hutawa. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ɗora mata abin sauraro a baya, ya ce ta ja numfashi, ya ce ta sake. Ya daɗe yana saurare.

"Kin yi murar nan ta bazara?"

Ta gyaɗa kai.

"Ba ke kaɗai ba ce, mun ga irinki da yawa. Ciwon ga shina tahiya ya bar baya da ƙura. Zazzaɓi ya sauka, amma huhu bai koma daidai ba, wani sai ya yi watanni a haka. In an lallaɓa shi shina warkewa. Ba hayaƙi, ba ƙaiƙayi, ba ɗaukar kaya mai nauyi. Kuma ki tahi Tahoua a yi maki hoton ƙirji, mu nan ba mu da na'urar. Wa ka sussuka gidanku?"

"Ni."

"Girki hwa?"

"Ni... da facalata. Ita ko... ta kusa haihuwa."

Majo ya cire abin sauraron daga kunne ya yi tsaki, ba da ita ba. "Ki ce uban mijinki ya zo ya same ni, in yi mashi bayani da kaina."

Ta fito da 'yan ƙwayoyi ƙulle a bakin zane, ranta fes. Numfashin yana nan yadda yake, amma yau wani ya sa kunne a ƙirjin nan ya ce eh, akwai abu, ba ƙarya take yi ba. Har ta ji kamar ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa.

Labari ya riga ta isa gida. Wata ta gan ta zaune a bencin likita, kafin jaki ya hau tudu magana ta zagaya gari. Ta tarar da Inna a tsakar gida, ido jawur.

"Mi na yi maki, uwar Lalla? Ban yi jinyarki ba? Ban ba da abin da na hi so ba don ke? Yanzu mata na ta ƙus-ƙus, wai ashe sadakar Hajaratu ba ta hau ba, wai don a gani ta yi. Wata har ta tare ni tana tambayata ko akwai haƙƙin wani cikin akuyar. Ni! Da tsufana!"

"Inna... majo ya ce..."

"Majo ya hi Wanda na yi ma alwashi sani ne?"

Aka kai magana zaure. Malam Alƙasum bai je wurin majo ba, ya ce shi ba ya kai kansa sa'an ɗansa ya yi masa faɗa da Faransanci. Ya zauna ya yi nazarinsa, ya fito da hukuncin da ya gamsar da kowa ban da mai ƙirjin. Ciwo dai ya tafi, tunda an yi sadaka. Abin da ya rage ba ciwo ba ne, iska ce ta shafe ta a kwarin rijiya, shi ya sa kullum a hanyar rijiya abin ya fi tasar mata. Maganin iska kuwa hayaƙi. Kowa ya ji daɗin wannan magana, domin ta wanke akuya, ta wanke Inna, ta wanke gida. Ƙwayoyin majo kuwa Inna ta kwance su daga bakin zanen ta adana, ta ce ba a haɗa magani biyu.

Da hantsi aka zuba garwashi a kasko, aka barbaɗa saiwoyi da ɓawon itace da wani ƙaro mai wari da Malam ya karɓo. Inna ta zaunar da ita a kujera 'yar tsugune, ta tura kaskon tsakanin ƙafafunta, ta ɗauko bargo.

"Inna... majo ya ce... ba hayaƙi."

"Shaƙa dai, da bisimilla. Wanga ba irin hayaƙin da shika nuhi ba ne."

Cikin bargon duhu ne da zafi. Shaƙar farko ta tsaya mata a wuya kamar an watsa barkono a wuta. Ta yunƙura za ta yaye, Inna ta danne mata kafaɗa, ta kira Habi ta danne ɗayar. Zuhura tana tari tana shure-shure, ƙirjinta yana wani siririn kuka irin na 'yar kyanwa.

"Kin ji ko?" in ji Inna cikin tausayi. "Aljanin ne ka kuka, ba ita ba. Riƙe da kyau, hita za shi yi."

"Inna, ni tsoro nika ji," in ji Habi.

"Riƙe na ce!"

Da aka yaye bargon ta zube a ƙasa, hawaye da majina da miyau duk sun haɗe. Sai wajen azahar ta iya haɗa kalma biyu. Inna ta zauna kusa da ita tana yi mata fifita, tana jera mata sannu, tana share mata fuska da bakin zanenta, ta kuma ce gobe za a ƙara, har sai ya fita. Aka kuwa ƙara, aka sake ƙarawa. Kai jama'a! Da da ƙiyayya ake yi mata wannan, da ta san yadda za ta ƙi.

Kaka ta yi, sabon gero ya shiga rumbu, Habi ta haifi namiji. Nan take aka ɗauke mata komai. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama, ko tsinke ba za ta ɗaga ba sai ta yi arba'in. Zuhura ba ta yi mata baƙin ciki ba. Ta dai lura jego abu ne da kowa ya san haƙƙinsa, nata ciwon kuwa ko ambatonsa ba a yi a gidan. Aikin mutum biyu ya hau kanta, har da hura wutar ruwan wankan mai jego.

Jajibirin suna matan unguwa suka taru dakan fura, aka jera turame a tsakar gida. Zuhura ta raɓe gefe da faifai, tana so ta tsaya a tankaɗe. Sai Inna ta zo ta kama hannunta, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗiyata, ki rufa min asiri yau. Duk masu ƙus-ƙus ɗin nan ga su nan. Ki shiga lugude su gan ki da idonsu, bakinsu ya mutu. Daga yau ba ni ƙara matsa maki."

Lugude kuwa duk garin an san babu kamar Zuhura. Mata uku a kan turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya, a cilla sama, a tafa, a cafe. Abin da ke cikinsa shi ne ba a tsayawa. In ɗaya ta yi jinkiri, taɓaryar ta bayanta za ta sauka a kan tata, ko a kan hannunta. Zuhura ta san haka sarai. Ta dubi tsohuwar, ta ga hawaye kwance a idonta, ta tuna wadda ta goge mata jiki da bazara. Ta ajiye faifan ta karɓi taɓarya.

Dum, dum, dum. Aka ɗauki waƙa, aka ɗauki guɗa.

"Ayyururui! Wa ya ce ba ta warke ba?"

Inna tana tsaye baki har kunne, tana duban matan ɗaya bayan ɗaya. Zuhura tana jin ƙirjinta yana rufewa kaɗan-kaɗan. Ta nemi inda za ta saci numfashi tsakanin bugu da bugu, babu. Ta so ta ce a tsaya, maganar ma iska take so. Ta cilla taɓaryar sama yadda ake jira ta yi, ta tafa, amma ba ta ga saukowarta ba. Taɓaryar ta faɗi gefe, ita ta kife a kan turmi, leɓunanta sun yi baƙi ƙirin.

Ko a lokacin sai da wata ta ce a kawo kasko da bargo. Habi ce ta fito daga ɗakin jego, abin da ba a yi, kai ba ɗankwali, tana ihu.

"Ku kai ta likita! Kashe ta za ku yi! Da hannuna na danne ta cikin hayaƙi, wallahi ba ni ƙarawa!"

Amalanke ya kai ta Barmou. Majo ya dube ta sau ɗaya, ya sa ta a motar likita sai Tahoua.

A asibitin Tahoua aka ɗaura mata robar iska a hanci da baki. Inna ta biyo ta jinya, ta shimfiɗa tabarma a gindin gado, ita ke kai ta makewayi, ita ke ba ta kunu a cokali. Likitar da ke duba ta, wata doguwar mata mai tabarau, ta ɗaga hoton ƙirjin a hasken taga ta girgiza kai. Ta ce huhun da ya kamata a lallaɓa tun bazara an yi ta ɗura masa hayaƙi da ƙaiƙayi. Za ta tashi in Allah ya so, amma za a daɗe, kuma kada a sa ran ƙirjin nan zai koma kamar da. Inna ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da fifita kunu.

Bayan 'yan kwanaki Zubairu ya shigo da hantsi. Yau babu wasa, hularsa a hannu yana murzawa. Ya gaida Inna, ya matso bakin gado.

"Yaya, Baba na nan tahe da liman da mutanen gari, yanzu mota ta sauke su a tasha. Ya ce in riga su in roƙe ki abu guda. In sun tambaya, ki ce sabon ciwo ne. Wancan ya warke tun da anka yi sadaka, wanga daban ne, daga Allah. Haka anka gaya ma baban Lalla a waya. Kalma guda ce, ba ta rage ki da komi."

Zuhura ta dube shi ta saman robar. Ba ta rage ta da komai? In sabon ciwo ne, to ba wanda ya yi laifi ke nan. Ran da aka sallame ta za a sake cewa ta warke, a sake miƙa mata taɓarya, a sake tura ta bakin murhu, in ta ce numfashinta a sake ce mata kada ta soma. Ta juya ta dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai tana gyaran tabarmar da ba ta buƙatar gyara.

Ba a daɗe ba suka shigo suka cika ɗakin. Malam Alƙasum a gaba da farin rawani, liman a gefensa, mata a baya da ƙwaryar fura da 'yan ƙulle-ƙulle. Har da masu dariyar hanyar rijiya, har da wadda ta yi guɗa. Aka gaisa, aka yi ya mai jiki. Liman ya matso, dattijo ne mai taushin murya.

"Sannu, ɗiyata. Wane irin ciwo ne kuma wanga, bayan Allah ya ba ki lahiya?"

Zuhura ta sa hannu ta janye robar daga fuskarta. Ba ta ja mayafi ba, ba ta kau da kai ba. Ta dubi uban mijinta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidansa.

"Baba... ciwon ga..."

Iska ta yanke.

"Sabo ne," in ji Malam Alƙasum da sauri. "Kun dai ji da bakinta. Liman, a yi mata addu'a."

Aka ɗaga hannuwa. Zuhura ba ta ɗaga nata ba. Ta bar su suna amin, ita tana tara numfashi kaɗan-kaɗan, kamar mai jiran ruwa ya taru a rijiyar rani. Da aka shafa, kafin kowa ya motsa, ta damƙi ƙarfen gado ta ɗago.

"Ba sabo... ba ne. Shi ne... na bazara. Ban taɓa... warkewa ba." Ta tsaya, wuyanta yana lotsawa yana tasowa, wannan karon ba wanda ya yi ƙarfin halin ƙarasa mata. "Na gaya maku... kun ce... an yanka akuya."

Iskar robar tana ta fita shuuu a banza. Liman ya sunkuyar da kai. Malam Alƙasum ya kafa wa bango ido, ba a taɓa yi masa haka ba, a gaban mutane, kuma daga bakin matar ɗa. Mata suka fara satar kallon juna. Zuhura ta koma ta jingina tana haki, tana jiran mutum ɗaya, ɗaya tak, ya buɗe baki ya ce an cuce ta.

Inna Hajaratu ce ta fara magana. Ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka, ta fashe da kuka mai cin rai.

"Wayyo ni Hajaratu! Ashe akuyata a banza ta tahi!"

Wallahi abin da ta ce ke nan. Matan kuwa suka yi kanta suna ba ta haƙuri, wannan ta riƙe mata kafaɗa, waccan tana yi mata fifita, wata tana cewa a ba ta ruwa. Wata ma'aikaciya ce da ke wucewa ta hango robar a kan cinyar Zuhura, ta yi tsaki, ta ratsa ta tsakaninsu ta mayar mata da ita a fuska.